Kafin ku zuba kuɗin unguwa a kwata, ku nemo inda ruwan zai faɗa

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo, shugaban kwamitin ci gaban wata sabuwar unguwa da ke bakin garin Marwa, a arewacin Kamaru. Ya ce duk damina ruwa na kwana a layukansu, yana shiga gidaje, masai na tumbatsa, katangu na zubewa. Sun yi karo-karo gida-gida sun tara kuɗi, kuma ra'ayin da ya rinjaya a kwamiti shi ne a gina kwatar siminti a gaban kowane gida kafin ruwa ya sauko. Yana so a gaya masa ko hakan daidai ne. Ya ƙara da tambaya ta biyu: me ya hana a binne musu bututun ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa irin na manyan biranen waje, kowa ya huta da haƙa masai?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya. Tsara hanyoyi da magudanan ruwa shi ne aikina, don haka zan faɗa muku gaskiya ko da ba za ta yi wa kwamiti daɗi ba: kada ku taɓa kuɗin nan tukuna. Kwata ba ta shanye ruwa, ɗaukarsa take yi da sauri ta kai shi wani wuri. Idan ba ku san wurin da za ta kai shi ba, abin da za ku saya da kuɗin jama'a shi ne ku kwashe ruwan mutanen tudu ku juye wa mutanen gangare cikin ƙanƙanin lokaci. Aikin magudana daga ƙasa ake fara shi a yo sama. Ƙofar gida ita ce ta ƙarshe.

Wurin da kuke zaune, shekaru kaɗan baya gona ne. Marwa na samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa kamar da bakin ƙwarya cikin awa ɗaya ko biyu. Lissafin ba wuya: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Filin gida mai mita 20 a 25, in aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, lita 25,000 ce ta sauka a kansa, wato duro 125 na lita 200. Lokacin da gona ne, ciyawa da kunyoyi suna tare ruwan, ƙasa ta sha wani, saura ya bi kwari a hankali. Yau rufin kwano ne da tsakar gida mai daɓen siminti, kusan kashi tara cikin goma na abin da ya faɗi a kansu yana fita ta rariya zuwa layi nan take. Ko da ruwan sama bai ƙaru ba, wanda ke gudu a ƙasa ya ninka. Kuma unguwarku ba ta gama cika ba. Duk kangon filin da kuke gani yau yana shanye muku wani abu, ran da aka gine shi, nasa ruwan ma layi zai fito. Shi ya sa muke auna magudana da unguwar da za ta kasance bayan an gine kowane fili.

Sai ƙasar kanta. Idan kuna kan karal ne, baƙar lakar nan da ake dasa masakwa a kanta bayan damina, to abin da ya sa take riƙe wa masakwa laima shi ne ke wahalar da ku. Da rani ta dare har hannu ya shiga tsagar. Ruwan farko na sauka ta kumbura, tsagogin su rufe, daga nan abin da ke ratsa ta bai taka kara ya karya ba. In kuwa jigawa ce mai yashi, kuna da sauƙi ta fuskar ruwan sama, amma kuna da wata matsalar ta fuskar rijiya da masai, zan zo kanta.

Aikin farko ba ya cin ko dala. Ku sami mutum uku ko huɗu, ciki har da tsohon manomin da ya noma wurin kafin a yanka filaye, domin shi ya san inda ruwa ke bi tun kafin a kafa tubali ɗaya. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, da zarar ya tsagaita su fita su bi shi da ƙafa, daga inda yake shigo muku har inda ya tsaya ko ya faɗa mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani. Ko da rani ma shaidu suna nan ga mai duba ƙasa: layin laka a jikin katanga, ledojin da suka maƙale a ƙaya duk a tsayi ɗaya, yashin da ya kwanta a kwanar layi, gindin bangon da ya zaizaye. A shafa fenti a kowane wuri daidai inda ruwa ya kai. Farin tiyon nan da magina ke cika wa ruwa su daidaita tsayin gini ya isa ku fara gane tudu da gangare: a kafa sanda kowace mita 20, a rubuta bambancin. Ido yana ruɗi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Diyamare, yankin da Marwa take. Gangaren santimita 30 cikin mita 100 ba a ganinsa, amma shi ruwa ke bi.

Abin da aka fi tararwa a irin wannan zagaye bai wuce biyu ba. Ko dai tsohuwar hanyar ruwa an sayar da ita an gina gida a kai, ko kuwa an ɗaga wata hanyar mota ta zama madatsa, kwalbatin da ke ƙarƙashinta ƙarami ne ko yashi ya cika shi. Na sha ganin unguwar da ke shirin gina kwata mai tsawon gaske, alhali yashe kwalbati ɗaya da ƙara masa baki na biyu shi ne maganinta.

Idan kun bi ruwan har bakin mayo, kada ku ɗauka an gama. Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga mafi yawan shekara yashi ne, yara na buga ƙwallo a ciki, amma ruwan da aka yi a duwatsun Mandara yana iya cika su cikin 'yan awoyi alhali a Marwa ko yayyafi ba a yi ba. Wanda ya ga yadda gadar Palar ta karye a ƙarshen Agustan 2020, hanyar Mora da Kusiri ta yanke, ba sai an ba shi labarin ƙarfinsu ba. Magudanar da bakinta ke ƙasa da inda mayo ke kaiwa in ya cika, ranar da kuka fi buƙatarta ita ce ranar da za ta juya ta kawo muku ruwan mayo cikin unguwa. Dole bakin ya kasance sama da alamar cikar, ko a sa masa ƙyauren ƙarfe mai buɗewa waje ɗaya kawai. A karkatar da shi ya bi inda ruwan mayo ya nufa, a kuma ɗaure gaɓar da duwatsu cikin ragar waya, in ba haka ba damina biyu ta isa ruwa ya rarake ƙarƙashinsa ya rufta. A Kusiri da Injamena abin ya fi haka tsanani: kogunan Logon da Shari suna kai ƙarshen cikarsu wajen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwan sama ya ɗauke, kogi ya fi wasu unguwanni tudu, sai ganuwa da injinan famfo. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun nuna abin da ke faruwa in ɗayansu ya gaza. Ku a Marwa kuna da ɗan gangare, kuma shi ne jarinku.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake tsoron kwatar gaban gida. Mu ƙaddara unguwarku da filayen da ke zubo mata ruwa hekta 20 ce, ana ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa, rabinsa kuma yana gudu a ƙasa. Abin da zai iso ƙasan unguwa ya kusa lita 1,700 a kowace daƙiƙa. Kwatar da magina suka saba yi, rabin mita faɗi rabin mita zurfi, in tana da gangare mai kyau kuma babu komai a cikinta, wajen lita 250 take ɗauka a daƙiƙa. Sai an jera irinta kusan bakwai kafin su ɗauki ruwan nan. Wato kwata ɗaya ba ta yi wa kowane wuri: a saman unguwa ta yi yawa, a ƙasa ba ta kai ko'ina ba. Magudana tana girma ne yayin da take gangarawa, ƙanana su zuba wa matsakaita, matsakaita su zuba wa uwa. Uwar ake fara ginawa, galibi da lissafin ruwan da ake sa ran irinsa sau ɗaya cikin shekara 10, kuma ta fi ƙarfin karo-karon unguwa.

Akwai abin da ya fi siminti arha nesa ba kusa ba, amma ya fi shi wuyar samu, wato fili. Ruwan milimita 50 a kan hekta 20 ɗin nan, in rabinsa ya gudu, kubik mita 5,000 ne, wato lita miliyan 5. Kwarin da aka haƙa mai zurfin mita 1, faɗi 50 tsawo 100, zai riƙe shi duka ya riƙa sakinsa a hankali ta ƙaramin bututu. Rabin hekta ke nan, filin gida goma. Da irin wannan tafki, magudanar da ke bayansa ba sai ta yi girma ba, mutanen gangare kuma su kwana lafiya. Sharaɗinsa ya tsiyaye cikin kwana biyu ko uku, domin sauro na buƙatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi, kuma gaɓarsa ta zama kwantacciya yadda yaron da ya faɗa zai iya rarrafowa. Da rani filin ƙwallo ne ko filin idi.

Tun ran gini ran zane. Lokacin yankan filaye ya kamata a ware wannan wuri, da hanyar ruwa, da layuka masu faɗi. Dokar tsara birane ta Kamaru, mai lamba 2004/003 ta 21 ga Afrilu 2004, ta ce filin da ke fuskantar ambaliya ko zaizaya ba na gini ba ne, ta kuma tanadi taswirar amfani da filaye ga kowace ƙaramar hukuma. Amma ni da ku mun san yadda ake sayen fili a bakin gari: da rani, ƙasa a bushe, mai fili da shaidu da takardar jauro, wato mai unguwa, gini ya riga taswira isowa. Don haka in akwai sauran kwari a unguwarku da ba a gine ba, ko kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, ku tsare shi tun yau. Abin da aka saba yi wa kududdufi shi ne a cika shi da shara shekara da shekaru, sannan wani ya zuba ƙasa a kai ya sayar. Ruwan da yake riƙewa kuwa ba ya ɓacewa, ɗakin wani zai koma. Idan kuka tambaye ni inda kuɗin kwamiti zai fi amfani, zan ce a sayen wannan kwarin ko biyan diyyar mai shi, a yi masa takarda da sunan jama'a, lawan da jauro da ma'aikatar magajin gari su sa hannu, a kafa masa turaku.

Wani abin da ke ɓata unguwanni shi ne gasar ciko. Wannan ya kawo tifar ƙasa ya ɗaga gaban gidansa, ruwa ya koma wa maƙwabci, shi ma ya kawo tifa biyu. Cikin 'yan shekaru layi ya fi tsakar gidajen farko tudu, talakan da ya riga kowa zuwa shi ne ruwa ke kwana a ɗakinsa. Layi kamata ya yi ya fi gidaje ƙasa, domin a ruwa mai ƙarfi shi ne babbar magudana ko an so ko an ƙi. A ƙananan layuka ma ba lallai ne a gina kwata ba: a gyara layin ya ɗan lotsa a tsakiya, a shimfiɗa masa pave, wato ƙananan bulon daɓe, ko marmara da aka daddaɓe, ruwa ya bi tsakiyarsa ya wuce cikin rabin awa. Ba abin da zai toshe, tsintsiya ta isa. Kwamiti ya kafa doka cewa ba mai zuba ciko a layi sai da izini, sabon gini kuma daɓensa ya ɗara layi da santimita 40 zuwa 50.

Inda ya zama dole a gina kwata, ku sa ido a kan magini. A kan karal, doguwar kwatar bulo da aka shafe da siminti ba ta daɗewa: laka ta kumbura ta matse ta, ta bushe ta sake ta, bango ya tsage, ruwa ya shiga bayansa. Sai an cire lakar an shimfiɗa yashi ko marmara a ƙarƙashi da gefe, an bar tsaga da gangan kowace 'yan mitoci don ginin ya sami wurin motsi. Ni na fi son mai kwantaccen gefe da aka jera wa dutse aka kama da siminti, ga dutse kusa da ku, kuma in wuri ɗaya ya lalace nan kaɗai ake gyarawa. Kada a dasa darbejiya dab da ita, saiwarta na ɗaga gini. Batun murfi kuwa, rufaffiyar kwata ta fi kyan gani, amma a garin yashi matsala ce. Ku ɗaga murfin wata a watan Afrilu ku leƙa: yashi ya cike fiye da rabinta, a kansa ledar ruwan sha da tsumma da robar lemo sun cuɗe da baƙar laka mai wari, wani wurin har ciyawa ta tsiro ta tsagar murfi. Ba wanda ya yashe ta don murfin sai ƙarti huɗu. A bar ta a buɗe, a rufe mashigar gidaje da mararraba kawai, da murafen da mutum biyu za su iya ɗagawa. A farkon kowace magudana a yi ɗan rami mai zurfi inda yashi zai kwanta, a riƙa kwashe shi nan. Kamaru ta hana siraran ledoji tun 2014, amma kowa na ganin abin da ke ƙasa. Unguwar da ba ta da wurin zuba shara, kwatarta ce za ta zama juji.

Sai tambayarku ta biyu, ta bututun ƙazanta. Abu ne mai kyau inda ya dace, amma ruwa ne ke tafiyar da shi. Kafin ƙazanta ta bi bututu ba ta kwanta ba, ana so kowane mutum yana amfani da aƙalla lita 50 zuwa 60 a rana, famfo na cikin gida kuma yana zuwa kullum. Gidan da ke sayen jarka wurin mai kura da wuya ya wuce lita 20 ga mutum. A irin wannan unguwa bututu zai toshe, ga yashi da tokar wanke tukunya da ke bin ruwan. Sannan yana son gangare: ƙaramin bututu na buƙatar saukar mita 1 cikin kowace mita 200, wato bayan kilomita ɗaya ya nutse mita 5 ƙari a kan inda ya fara. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai an sa injin da zai ɗago ƙazantar sama a sake farawa, injin kuma wuta yake ci. Ranar da wuta ta ɗauke, ƙazantar unguwa duka a gida mafi gangare za ta ɓullo. A ƙarshen bututun kuma dole a sami matata. Ko a Yawunde da Duwala mafi yawan gidaje rami suke amfani da shi. Bututun da ke akwai yawanci a rukunan gidajen SIC, kamfanin gidaje na gwamnati, yake, irin su Messa da Cité Verte da Biyem-Assi, kuma matatun farko masu injina da aka gina musu sun yi shekaru a tsaye kafin a sake wa wasunsu fasali.

Ban ce har abada ba. Inda jama'a suka cunkushe kuma akwai famfo, kamar kewayen babbar kasuwa, asibiti, ko ɗakunan ɗalibai wajen jami'a a Kongola, lokacinsa zai zo. Matatar da ta dace da mu kuwa ita ce ta tafkuna a jere, na farko mai zurfi inda ƙazanta ke kwantawa, na bayansa marasa zurfi inda rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta cikin 'yan makonni. Ba ta cin wuta, zafinmu ma taimakonta yake yi, irinta ce a Kossodo ta Wagadugu. Fili take ci, ɗaruruwan mitoci nesa da gidaje, shi ya sa ya kamata hukumar birni ta ware shi yanzu. Akwai kuma darasi a unguwar Orangi ta Karaci a Pakistan, inda daga 1980, ƙarƙashin jagorancin Akhtar Hameed Khan, mazauna suka riƙa haɗa kuɗi layi-layi suna binne nasu bututun. Abin da ya fito fili daga aikinsu shi ne rabon nauyi: na cikin gida da na layi a wuyan jama'a, uwar magudana da matata a wuyan hukuma. Wannan rabon ya shafi kwatarku ma.

Abin da ke gabanku yau shi ne kada ruwa uku su haɗu: na sama, na wanka da wanki, da na masai. Kwatar ruwan sama da rani a bushe ya kamata a gan ta. Da zarar rariyoyin gidaje sun fara zuba mata ruwan wanke-wanke, kun samu baƙin kwatami mai tsawon layi, da sauron da ke hana barci har a watan Maris. Gidan mutum goma na iya fitar da lita 200 na irin wannan ruwa a rana, kuma a cikin gida ya kamata ya ƙare. Ku gwada ƙasarku: a haƙa rami kamar faɗin bokiti, a cika shi da ruwa ya kwana, da safe a sake cikawa a auna. Idan awa guda ta wuce bai sauka santimita biyu da rabi ba, ramin tsotse ruwa ba zai yi aiki a nan ba, ko nawa aka kashe. A jigawa, rami mai cike da duwatsu da ɗan akwatin tare maiƙo da yashi a gabansa ya wadatar. A karal sai dai rami mai faɗi marar zurfi, a cika shi da tsakuwa da yashi, a dasa ayaba ko gwanda su sha, rana ta ƙone saura.

Masai shi ne mai kisa. Kwalarar 2010 da ta kashe ɗaruruwan mutane a jihar Arewa Mai Nisa da damina ta yi ƙamari, lokacin da ruwa ke haɗa rami da rijiya. Ƙa'idar da ake bi ita ce tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasan ramin kuma ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita ɗaya da rabi, a auna a ƙarshen Agusta sa'ad da ruwan ya fi tasowa. A filin mita 20 a 25 da wuya mita 30 ta samu, balle ga ramin maƙwabci a bayan katanga. Ma'anarsa, rijiyar cikin gida a cunkusasshiyar unguwa mai yashi ta wanki ce, ruwan sha a nemo shi daga famfo ko burtsatse mai zurfi da aka toshe wuyansa da siminti, ko a sa masa sinadarin kulorin. Inda ruwa ke kwanciya, a ɗaga bakin masai sama da layin fentin nan da kuka shafa, a gina ramin da bulo, a yi masa matakala. Wanda ke da hali ya yi tankin siminti mai ɗaki biyu, na farko ya ninka na biyu girma, amma ya sani ruwan da ke fita daga tankin bai tsarkaka ba, ba a sakinsa a kwata.

Kowane rami cika yake yi. Mutum ɗaya na tara lita 40 zuwa 60 na laka a shekara, don haka ramin mita 1 faɗi mita 3 zurfi, a gidan mutum goma, shekara huɗu ce ko kusa da haka. Daga nan fa? Idan layi bai kai faɗin da motar zuƙe masai za ta shiga ba, sai masu kwasa da bokiti cikin dare, su binne a bayan katanga ko su jira ruwan sama su tura a kwata. Ku bar wa kowane layi faɗin mota, masai kuma a gina shi kusa da katangar waje yadda tiyo zai kai. Mai fili isasshe ya yi rami biyu: ɗaya ya cika a rufe shi shekara biyu ana amfani da ɗayan, in an buɗe ya zama ƙasa marar wari da za a kwashe da shebur. Sannan ku tambayi direban motar inda yake juyewa. Idan amsar ita ce bayan gari ko cikin mayo, to kun biya kuɗi ne an matsar da cutar zuwa rijiyar wani. Yawunde ta buɗe matatar lakar masai a Etoa a 2021. Irin wannan, shimfiɗun yashi da tsakuwa inda laka ke bushewa a rana, shi ne abin da garuruwanmu na arewa ke buƙata tun kafin a yi zancen bututu, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na bututu ba.

Game da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa: manyan magudanan ruwan sama da na ƙazanta nauyin hukumar birni ne, wadda tun bayan dokar ƙananan hukumomi ta Disamba 2019 magajin gari zaɓaɓɓe ke shugabanta. Ƙananan ayyukan unguwa da tsafta kuma suna wurin ƙaramar hukumarku, Marwa ta ɗaya, ta biyu ko ta uku. Manyan ayyukan da kuke gani a gari da kuɗin shirye-shirye aka yi su, irin su C2D na Faransa da PDVIR na Bankin Duniya, kuma masu tsara su suna neman unguwar da aka riga aka san matsalarta a rubuce. Don haka bayan batun kwari, abu na biyu da zan kashe wa kuɗi shi ne ƙwararren mai awon ƙasa ya fitar muku da taswirar tudu da gangare ta unguwa har zuwa mafitar ruwa. Abin da ya rage a sayi shebur da baro da safar hannu, a ajiye ladan samarin da za su yashe hanyoyin ruwa a watan Mayu da kuma tsakiyar Agusta, su kwashe abin da suka fitar a ranar, kada a tara shi a bakin kwata ruwan gaba ya mayar.

Ku haɗa taswirar da hotunan ambaliyar bana da jerin gidajen da ruwa ya shiga, ku rubuta takarda jauro da lawan su sa hannu, ku kai wa sashen ayyuka na hukumar birni da na ƙaramar hukuma. Ku roƙi injiniyansu ya zo ya ba ku tsayin da kowace kwata za ta bi, don abin da kuka gina da kuɗinku ya haɗu da uwar magudana ranar da ta iso. Kasafin kuɗin shekara mai zuwa kafin ƙarshen wannan shekarar ake zartar da shi, saboda haka takardar ta shiga tun Satumba ko Oktoba, laka ba ta gama bushewa a katangu ba. Ku karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, ku kuma ba kansilan unguwarku nasa.